Gajiyar Alheri da Masu Zuwa Dubiya

'Yata Alheri ta gama karɓar maganin ciwon daji, likitoci kuma sun ce yanzu ba sa ganin komai a jikinta. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta da fargaba. Amma ba labarin warkewa ya zaunar da ni rubutu ba. Akwai abin da ya kusa kayar da mu a jinyar nan, wanda babu mahalukin da ya gargaɗe ni a kansa, wato gajiya. Sai kuma mutanen kirki masu ƙaunarmu, waɗanda saura kaɗan su ƙarasa mini yarinya da gaisuwa.

A gidan haya muke zaune a Sabon Gari, ciki da falo, tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya mu da sauran 'yan haya. Ni ɗinkin kayan makaranta nake yi. Mijina Yakubu magini ne, yau yana nan gobe aiki ya kai shi wani gari. Alheri tana da shekara takwas lokacin da abin ya fara, a farkon damina. Ta ce haƙori na mata ciwo, bayan kwana biyu kumatunta na hagu ya tasa. Matan gidanmu suka ce hangum ne, a shafa mata bula. Na shafa. Mai kemis ya ba mu kafso. Ta shanye, kumburin bai san tana yi ba. Kafin mako biyu ya fara tura idonta sama, haƙoran wajen kuma suna girgiza in an taɓa. Ƙaramin asibitin unguwa suka duba, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu tafi babban asibiti.

Ba zan cika ku da labarin layi ba, duk wanda ya taɓa zuwa ya sani. Layin kati, layin ganin likita, layin biya, layin gwaji, sannan a ce ku dawo. Aka yanki ɗan nama daga cikin bakinta, muka yi ta sintiri muna jiran sakamako, fuska na ƙara lalacewa, har ta daina yarda ta fita tsakar gida. Ranar da likita ya ce daji ne, Yakubu ya zauna a dandaryar baranda, ni kuma na tsaya riƙe da jakar kwanukan abinci na rasa inda zan ajiye ta. Likitan ya ce irin wannan yana saurin girma a jikin yara, amma yana jin magani, muddin ba a yi wasa da lokutan karɓa ba.

Maganin kemo suke ce masa. Ta cikin ƙarin ruwa ake sa shi. A kwantar da ku 'yan kwanaki, a sallame ku, ku dawo bayan mako biyu ko uku, a gwada jini, in ya yi kyau a sake ɗaurawa. Sun faɗa mana za ta yi amai, gashi zai zube, baki zai yi gyambo. Sun ja mana kunne cewa da zarar jiki ya yi zafi mu taho ko ba ranarmu ba ce. Duk wannan na shirya masa. Keken ɗinkina ɗaya ya tafi a kuɗin magani, ban ko yi kuka ba.

Bayan zagayen farko kumburin ya saɓe kamar an zare masa iska. Cikin mako guda ido ya koma mazauninsa. Na gode wa Allah har na rasa bakin godiya. To, daga nan ne wahalar da nake son faɗa ta soma. Duk wanda ya ga fuskar sai ya ce an warke. Yarinya kuwa kullum ƙara narkewa take yi.

Ba irin gajiyar da muka sani ba ce, ta wanda ya wuni yana aiki ya kwanta ya tashi garau. Alheri takan yi barci tun safe har azahar, ta farka kamar wadda ta kwana ɗaukar bulo. Cokali ya faɗi daga hannunta ta bi shi da ido kawai. Tsakanin ɗakinmu da bayan gida sai ta zauna a bakin famfo ta huta. Ta fara magana ta bari a tsakiya, ba don ta manta ba, sai don ƙarasawar ta yi mata nisa. Na tambaye ta ko wani wuri na ciwo, ta ce babu.

“Mama, ba barci nake ji ba,” in ji ta. “Kamar an ɗura mini yashi a jiki.”

Da muka koma asibiti na faɗa wa likita. Ya tambayi zazzaɓi, na ce babu. Amai, na ce ya ragu. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce, “Madam, nomal ne.” Zuwa na gaba wani likitan muka tarar, shi ma nomal. Nas ma nomal. Har yau in na ji kalmar nan sai raina ya ɓaci. Na san ba mugunta ba ce. Na ga layin da ke bayana ya kai har baranda, na ga likita bai ko kurɓi ruwa ba tun safe. Amma yarinyar da ba ta iya tauna lomar tuwo, a ce mini nomal, in koma gida in yi yaya da ita?

A gida kuwa kowa likita ne. Maman Nkechi, maƙwabciyata ta ɗakin kusa, ta ce ƙarancin jini ne, ta riƙa matse ganyen ugu, wani ganyen miya na mutanen kudu, tana haɗawa da malt da madarar gwangwani. Matar nan ita ta riƙe mini tukunya duk lokacin da muke kwance a asibiti, ba zan taɓa iya biyanta ba, amma Alheri na ganin kofin nan sai zuciyarta ta tashi. Hajiya Ladidi ta gidan gaba ta kawo zogale da hanta da zuma. Sau ɗaya gwaji ya nuna jinin ya yi ƙasa da gaske, Yakubu ya bayar aka ƙara mata, ta ɗan farfaɗo na 'yan kwanaki, gajiyar ta dawo inda take. Surukata, Kaka Saratu, wadda ke zaune a Dogarawa wurin babban ɗanta, ta ce shagwaɓa ce, na lalata yarinya da goyo da lallashi. Shi kuma babban ɗan, Baba Dauda, wanda dattijo ne a ikilisiyarmu, ya ce tunda Ubangiji ya ɗauke ciwo, ci gaba da kwanciya raunin bangaskiya ne.

Sai dubiya. Labari ya bazu cewa fuskar Alheri ta koma daidai, kowa yana so ya gani da idonsa. 'Yan uwa daga ƙauye, abokan aikin Yakubu, iyayen yaran da nake wa ɗinki, malaman makarantarsu. Babu wanda ya zo hannu wofi, wannan gaskiya ce, da sabulunsu da hatsinsu muka rayu. Amma kowa ya shigo maganarsa ɗaya: ina mai jikin, a tashe ta mu ga fuskar. Alheri kuma yarinya ce mai kunya da ladabi. Sai ta lallaɓa ta sauko daga gado, ta durƙusa, ta amsa da sauƙi, da sauƙi, da sauƙi, ga kowane mutum ɗaya. Sannan a ɗora mata hannu a ka a yi doguwar addu'a tana durƙushe. Waɗannan na fita, kafin ta mayar da kai kan matashi, wata sallamar ta taso daga ƙofar gida.

Wata Lahadi bayan sujada zumuntar mata suka zo gaba ɗayansu, da tulunan kiɗa da caki, suka cika tsakar gida. Ni ma 'yar zumunta ce, ƙawayena ne, wasu sun yi kuka da suka gan ta. Aka fito da ita kan kujera. Shugabar ta ce Alheri ta ba da waƙar da ta saba bayarwa a makarantar Lahadi, a amsa mata, Shaiɗan ya ji kunya. Ta miƙe, ta yi baiti ɗaya, gwiwoyinta suka lanƙwashe. Na tare ta. Su kuwa suka ƙara ƙarfin kiɗa. Bayan sun watse na ba ta tuwo, ta sa loma ɗaya a baki barci ya ɗauke ta, sai da yatsa na zaƙulo lomar daga kumatunta. Cikin matan nan akwai masu mura, ina ji suna jan hanci suna rungumarta, na kasa buɗe baki.

Kafin tsakiyar mako jikinta ya ɗauki zafi kamar garwashi. Muka kwasa sai asibiti. Aka ba mu gado, aka shiga allurai, aka ce maganar kemo a ɗage sai ta murmure. Da aka ɗora ta a sikeli, nas ta dube ni ta sake duban sikelin.

A wannan kwanciyar ce wata likita, babbar mace mai furfura a goshi, ta ja kujera ta zauna kusa da gadonmu. Ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni yadda Alheri ke wuni a gida, tun daga safe har dare. Na kwashe duka na faɗa mata. Ta ce gajiyar daga maganin take da kuma ciwon kansa, barci ba ya wanke ta, kuma ba lalaci ba ne. Ta ce a wannan lokacin jikin yarinyar ba shi da masu tsaro, murar da babba zai share da hankici ita tana iya kai ta kabari. Ta ƙara da cewa duk ɗagewar da aka yi wa magani dama ce aka ba ciwon, kuma irin wannan yadda ya yi saurin tafiya haka yake saurin dawowa.

“Ƙarfin da take tashi da shi da safe bai fi cikin cokali ba,” in ji ta. “In ta ƙarar da shi wajen gaisuwa, da me za ta tauna abinci?”

Na so in tambaye ta dalilin da ya sa sai yanzu ake gaya mini wannan. Na haɗiye, na yi godiya.

Da aka sallame mu na yi ƙoƙarin tsare ƙofa. Na riƙa tarar baƙi a tsakar gida ina cewa tana barci, likita ya hana a tashe ta. Nan na ga fuskoki sun canza. Wata ta ce ai su ba da mugun abu suka zo ba. Wata ta ajiye ledarta ta juya ba sallama. Washegarin dawowarmu Baba Dauda ya zo da wasu dattawa, na durƙusa na gaishe su na yi bayani. Bai ko dube ni ba, ya ɗaga labule ya shiga, ya kira sunanta da ƙarfi ya ce ta tashi cikin sunan Yesu. Ta tashi mana. Ta sauko ta durƙusa a kan siminti. Yakubu na tsaye a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

Bayan sun tafi muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba tun aurenmu. Ya ce yayansa ne, shi ya biya masa kuɗin koyon gini, ba zai iya tare shi a ƙofa ba, kuma addu'a ba ta kisa. Na ce ni ban hana addu'a ba, durƙuson na hana. A ƙarshe na ce masa zan ɗauke ta mu koma Samaru wurin ƙanwata Talatu, kuma kada ya gaya wa kowa gidan. Sai ya ce shi zai kai mu da kansa.

Talatu abinci take sayar wa ɗalibai, tana da ɗaki biyu a wani lungu bayan kasuwa. Ta bar mana na ciki. A can na fara sanin 'yata a cikin wannan hali. Na gane ɗan ƙarfinta da hantsi yake zuwa, sai na daina ɓata shi. A lokacin take cin abinci, kaɗan-kaɗan, mai laushi. Wanka a zaune kan kujera 'yar tsuguno. Likitar ta ce kwanciya wuni guda ma tana ƙara kashe jiki, don haka in ta ci ta huta sai mu taka zuwa gindin mangwaron ƙofar gida mu dawo. Wata rana mu kai, wata rana mu juyo a rabi. Na daina tambayarta yaya jiki. Gajiyar ba ta tafi ba, kada wani ya ɗauka Samaru magani ce. Amma tana ci, zazzaɓi bai dawo ba, zagaye na gaba aka ɗaura shi a kan lokaci.

A Sabon Gari kuwa maganganu sun yi yawa. Wai na kai yarinya wurin boka. Wai ciwon ya dawo ina ɓoyewa. Wai na raina dangin miji tunda an tara mana abin da aka tara. Wayata ba ta hutawa, na koma kashe ta. Ranar da na kunna ta Maman Nkechi ta kira ta ba ni rahoton abin da ake faɗa, na shiga bayan ɗakin Talatu na yi kuka na takaici, ba na tsoro ba. Ina fama da daji, ina fama da layi, kuma sai na yi fama da masoyana.

Wata rana da tsakar rana ina wanki sai ga Kaka Saratu a ƙofar gida, gumi ya jiƙa mata riga, da ƙullin acca a ka. Ita kaɗai ta hau bas daga Dogarawa, ta bi masu sayar da abinci ɗaya bayan ɗaya tana tambayar Talatu har aka nuna mata. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba.

“Jikata ce ko ba jikata ba ce?”

“Jikarku ce, Kaka. Ku shiga. Abu ɗaya nake roƙo, kada ku tashe ta. In ta farka kuma kada ku tambaye ta jiki.”

Ta ce yara nawa ta raina kafin a haife ni da zan koya mata zama da mara lafiya. Ta ture ni ta shiga. Na bi ta a baya. Ta tsaya a kan Alheri, ta buɗe baki, sai kuma ta rufe. Ban san abin da ta gani ba, ko ƙashin wuyan ne, ko kan da babu gashi ba hula. Ta ja tabarma ta zauna.

Ta daɗe a zaune kafin yarinyar ta farka. Alheri na buɗe ido ta ga kakarta, sai ta fara kokawar saukowa don ta durƙusa. Ta dafa gado, gwiwar hannu ta ƙi tsayawa, ta sake dafawa. Kaka ta sa tafin hannu a ƙirjinta ta mayar da ita.

“Kwanta abinki,” ta ce.

Na kawo kunu, Kaka ta karɓe kofin daga hannuna. Ta ba ta cokali ɗaya. Alheri ta riƙe kunun a baki, ido a rufe, tana tara ƙarfin haɗiya. Kaka na riƙe da cokali na biyu a sama tana jira, har kunun da ke ciki ya yi sanyi. Haka suka yi har la'asar, ba su kai rabin kofi ba.

Da ta fito ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Cewa ta yi kununa ya yi kauri, yarinya a wannan hali tsararo ake dama mata. Sannan ta tambayi Talatu inda za ta shimfiɗa tabarmarta.

Ba ta koma Dogarawa ba sai da aka gama magani. Zuwanta ya tona gidan, mutane suka fara biyo sawu. Amma yanzu Kaka ce a ƙofa, da faifai a cinya tana tsince wa Talatu wake. Ta karɓi gaisuwa, ta karɓi leda, ta sa albarka, ta nuna wa mutum benci a gindin mangwaro ta ce a yi addu'ar a nan, a kuma sassauta murya. Ranar da Baba Dauda ya zo ya nufi labule, ko kai ba ta ɗaga daga faifan ba.

“Dauda, zauna nan. Allah yana ji daga waje.”

Ya zauna. Ya yi addu'arsa a benci ya tafi. Na gode wa Kaka, har gobe ina gode mata. Amma abin na ci mini rai. Maganar da na faɗa aka ce na raina mutane, ita ce tsohuwa ta faɗa kowa ya ce to. Har yau in na gaida Baba Dauda a harabar coci, da ƙyar yake amsawa.

Da aka ɗaura zagaye na ƙarshe muka koma Sabon Gari, na ɗauka gajiyar za ta bi ledar ƙarin ruwa ta tafi. Ba ta tafi ba. Gashi ya tsiro, kumatu sun ciko, amma da ta koma makaranta malamarsu ta aiko cewa tana barci a aji. Na je na roƙi a bar ta ta riƙa tashi da rabin rana. Shugaban makarantar ya dube ta sama da ƙasa ya ce shi bai ga alamar ciwo ba, sai da na koma asibiti na bi layi na karɓo masa shaida. A coci kuma ana ta tambayar ranar da za mu yi godiya, ta taka rawa daga ƙofa zuwa gaban bagadi kamar yadda aka saba. Na ce za mu yi, ranar da ƙafafunta suka ce sun shirya.

Don haka ga roƙona. In ɗanki yana karɓar maganin nan, ki tambayi likita maganar gajiya tun ranar farko, kada ki bar kujerar sai ya yi miki bayani. Ki nemi tsoho ko tsohuwar da ba a iya musa wa ki zaunar a ƙofa tun kafin a ɓata da ke. In kuma kai ne mai zuwa dubiya, ka zo, muna bukatarka. Ka kawo abin da ka kawo, ka gaida uwar, ka ɗebo mata ruwa in ka ga bokiti wofi. In an ce yaro na barci, ka yarda. In kana mura, ka aiko da saƙo.

Makon jiya Alheri na zaune a bakin ƙofarmu da dafaffiyar masara a hannu, akuyar masu gida ta lallaɓo ta fizge. Kafin in ajiye almakashi yarinyar nan ta zabura, ta bi akuya da gudu tana zaginta, suka zaga famfo, suka yi ƙofar gida. A can ta ƙwato totuwar, ta zauna a dakali tana haki tana dariya. Ni kuwa na tsaya da tsumma a hannu, idona ya cika. Ban ga gudunta ba tun waccan daminar.

Wata maƙwabciya da ke shanya ta leƙo ta ce to, ai ga shi ta warke sarai, ya kamata yarinyar ta fara ɗaukar mini tallan kayan makaranta zuwa kasuwa.

Na je na ɗago Alheri daga dakalin, don ƙafafun sun riga sun ƙi, na goya ta zuwa ɗaki na kwantar. Na saki labule, na ja kujerata na zauna a bakin ƙofa. Ba ta farka ba sai da rana ta faɗi.